Karkataccen Taron Kakana

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina mai tsohuwar mota. Ya yarda ya kai ni ne bisa sharaɗi biyu, ni zan zuba mai, kuma duk inda ya hango hayaƙin suya sai mun tsaya. Masu bibiyata a nan sun saba da rubutuna a kan gyaran waya, don ita ce sana'ata. Wannan karon ba waya na je gyarawa ba. Wani tsohon kuɗi na bi har Karaye da Rogo, kuɗin da yau ko ruwan leda ba zai saya maka ba.

Bari in yi wa 'yan baya bayani tukuna. Kafin naira akwai sule. Rabin sule shi ne sisi, rabin sisi kuma shi ne taro, wato kwabo uku, kwatan sule ke nan. To taro ɗaya tak ne ya fitar da ni daga shago na kwana biyu.

Kakana na wajen uwa manomin gyaɗa ne a Tudun Kaya. Wata shekara da kaka, lokacin Innata tana yarinya ƙarama, ya sayar da gyaɗarsa ya shiga wata kasuwar ƙauye da ita a hannu. Ya miƙa wa mai gishiri taro. Mutumin ya juya kuɗin, ya ga zanen da ke jiki ya karkace gefe guda, sai ya ɗaga murya ya ce jabu ne. Nan da nan aka taru. Aka laluba aljihun kakana a gaban 'yarsa, aka cire masa hula aka zazzage, wani ma ya ce dama an san shi da abota da maƙera. Ba a sami komai ba, aka sake shi, aka wurgo masa taronsa. Amma daga ranar bai ƙara taka wannan kasuwa ba har ya koma ga Allah, sai dai ya yi aike. Inna ta haura saba'in yanzu, idonta ya yi rauni, tana manta inda ta ajiye carbinta, amma wannan rana ba ta ragu da komai a kanta ba. Na ji labarin ya fi a ƙirga, har na daina saurara da kyau, Allah ya yafe mini.

Watan da ya wuce ina zaune a ɗakinta ina latse-latse, na ci karo da bidiyon wasu Turawa masu tara tsofaffin kuɗi. Abin da suke nema shi ne kuɗin da aka yi kuskure wajen buga shi tun daga gidan buga kuɗi, wani zanensa ya ninku, wani an manta ba a huda shi ba, wani ya zame gefe. Ina ba ta labari ina dariya, wai mutane na rububin abin da ya lalace. Can ta ce, "Irin na Baffanmu ke nan." Haka suke kiran mahaifinsu. Ta ce taron yana nan a gida wajen ƙanenta, in je in gano shi. Ina bakin ƙofa ta ƙara da cewa idan na bincika na tarar jabun ne, in faɗa mata gaskiya, kada in rufe ta don ta tsufa.

Ba zan ɓoye muku ba, ban da maganar Inna, akwai wani ɗan kwaɗayi da ya leƙo a zuciyata, ko za a dace a ce abin yana da daraja a wajen waɗancan mutane. Na haɗa kayan aiki kamar wani gwani. Na ɓalle maganaɗisu daga wata matacciyar sifika, na aro ƙaramin sikeli wajen maƙwabcina mai sayar da zinari, na ɗauko madubin da nake duba cikin waya da shi. Abokina ya kalli jakar ya tambaye ni ko tiyata za mu yi wa kuɗin.

Mun bi ta Kabuga, muka karya a Janguza muka ɗauki hanyar Kabo. Damina tana ban kwana, don haka ko'ina kore ne, dawa ta fitar da kai tana rangaji, masara an fara karya ta, gyaɗa kuma an cire an kife ta a gonaki tana shan rana. Hanyar wani wuri sumul, har abokina ya fara yabon motarsa, wani wuri kuma ruwa ya ci gefenta sai an lallaɓa. Abin da na lura da shi, duk nisan da ka yi da birni, man fetur ƙara tsada yake, abinci kuma yana sauka. Kwanon gyaɗar da matata take ƙorafi a kansa a Kano, a bakin hanyar nan kusan kyauta ne in ka gwada.

Hantsi bai gama fitowa ba muka shiga Karaye. Garin yana da albarkar dam, saboda haka kifi ne karin kumallonmu, soyayye da yaji, muka bi shi da shayi mai kauri. A teburin mai shayin ne na fara bincikena. Na tambaye shi, matashi ne da bai wuce talatin ba, ko ya san inda zan ga taro a garin nan. Ya ajiye kofin da yake ɗauraya ya tambaye ni na siyasa nake nufi ko na biki, don in na siyasa ne sai an kusa zaɓe. Abokina ya ƙware da shayi don dariya. Wani dattijo da ke gefe ne ya cece ni, ya ce yaro, kuɗi yake nufi, mu da taro muka sha fura har muka bar saura. Da muka zo biya, mai shayin ba shi da canji, ya ce mu tura masa ta waya. Na tsaya ina tunani, ga mutumin da bai taɓa jin nauyin kuɗi a aljihunsa ba, ni kuma na zo ina tambayarsa nauyin taro.

Rabona da Tudun Kaya tun ina makarantar sakandare, don haka gari ya juye mini. Na tsayar da wani ɗan acaɓa na faɗa masa sunan Kawuna da na mahaifinsa, ya girgiza kai. Na kwatanta masa gida mai tsamiya a ƙofa, ya ce ai tsamiya tana da yawa. Wani mai faci da ke jinmu ya ɗago ya ce, "Gidan Jabu yake nufi." Sai ɗan acaɓan ya washe baki ya ce ai da tun farko haka na ce. Na san da sunan, Inna ta sha faɗa, amma ban taɓa jin sa a bakin bare ba. Kuma ba da gori suka faɗa ba, yadda za ka ce Gidan Kuka ko Gidan Liman haka suka faɗe shi. Wannan ne ma ya fi yi mini ciwo. Muka bi bayan ɗan acaɓan har muka isa.

Kawu ya tarbe mu da murna. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka shiga gaisuwa, ya tambayi Yayarsa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi hanya, sannan ya sake komowa kan Yayarsa. Aka kawo fura da nono mai kyau irin wanda ba a tsinka shi da ruwa ba. Ni dai a ƙage nake, amma ba a shiga gidan kawu a fara da buƙata. Sai da muka kusa cin sa'a guda sannan na kawo maganar taro.

Kawu ya yi dariya har da tafa hannu. Shi bayan abin ya faru aka haife shi, a wajensa labari ne kawai. Ya ce taron yana cikin wani gwangwani tare da sauran tsofaffin kuɗin da mahaifiyarsu ta bari, shekara da shekaru ba mai taɓawa. To makon jiya ya ga azurfa tana zaune a banza, sai ya kwashe gwangwanin gaba ɗaya ya kai wa wani maƙerin fari a Rogo, a narka a yi wa matarsa munduwa. Na tambayi lambar wayar maƙerin, Kawu ya ce tsohon ba ya riƙe waya. Na tambayi yaushe ya ce a je a karɓa, ya ce jibi. Ban san lokacin da na miƙe ba, ko furar ban shanye ba.

Hanyar Rogo kyakkyawar ƙasa ce ga wanda hankalinsa yake kwance. Rake ya yi tsayi ya rufe fadamu, ga barkono ja a shanye a kan duwatsu, ga shanu farare suna tsallaka titi a natse kamar su suka biya kuɗin kwalta. Sau biyu muna tsayawa garke ya wuce. Abokina ya hango mai gasa masara ya fara rage gudu, na ce masa wallahi in ya tsaya zan sauka in hau acaɓa. Ya tuna mini da sharaɗinmu, na ce masa masara ba suya ba ce. Ni lissafi ɗaya nake yi, me zan je in ce wa Inna idan na tarar taron ya zama munduwa a hannun matar Kawu.

A Rogo ma sai da muka yi kuskure. Muka tambayi maƙera, aka nuna mana rumfar masu ƙera lauje da fartanya. Su ne suka gane cewa maƙerin fari muke nema, wato mai aikin azurfa da tagulla, su kuwa maƙeran baƙi ne, ƙarfe suke duka. Suka ce ya daina fitowa kasuwa saboda ƙafa, a zauren gidansa yake aiki. Bayan azahar muka same shi. Tsoho ne siriri mai farin gemu, yana zaune a kan buzu, da hannu ɗaya yana juya wata fanka da aka haɗa da wilin keke tana hura masa gawayi. A cikin wutar akwai ɗan kasko, abin da ke ciki ya yi jajir yana sheƙi. Wasu mata biyu suna zaune daga bakin ƙofa suna jiran 'yan kunne, yana yi musu Fulatanci, ya juyo ya amsa mana sallama da Hausa. Ya nuna mana tabarma, ya ci gaba da aikinsa. Idona yana kan kaskon nan har ya sallame su.

Da na faɗi wanda ya aiko mu, ya ce ai aikin mutumin Tudun Kaya tun shekaranjiya ya narka shi. Ya miƙa hannu cikin wata jaka ya fito da sandar azurfa kamar ɗan yatsa ya ajiye a gabana. Abokina, da duk tsiyarsa, ya dafa kafaɗata. Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce azurfar ba ta da yawa, don fiye da rabin abin da aka kawo masa ba azurfa ba ne, ya ware su zai mayar wa mai su. Ya jawo gwangwanin madara ya zazzage a kan tabarma.

Ban sha wahalar nema ba. Yana nan a tsakiyarsu, fari da ɗan duhun tsufa. Kan sarkin Ingila da ke jiki ya matsa gefe har bakin kuɗin ya yanke masa hula, rubutun da ke kewaye ya ɓace ta wannan ɓangaren, ɗaya ɓangaren kuma fili ne sumul ba zane, kamar jinjirin wata. Na ɗauke shi da murna. Murnar ba ta daɗe ba, don sai a lokacin maganar tsohon ta dawo mini. Ya ce ba azurfa ba ne. Na tambaye shi a hankali, "Baba, wato jabu ne ke nan?"

Ya ce in yi haƙuri, gaggawa ce take sa a kira kuɗi jabu. Ya tona cikin tarin ya jera mini taro huɗu a kan buzu. Na farko ɗan ƙarami ne siriri, ya ɗauko shi daga ajiyarsa, ya ce wannan shi ne na azurfa, na zamanin kakanni, shi Fulani suke kitsawa a gashi. Na biyu rawaya ne, tagulla, wanda aka kawo da aka ga azurfa ta yi tsada. Na uku fari ne kuma ya fi su girma, irin na kakana. Na huɗu ba zagayayye ba ne, kusurwa-kusurwa gare shi, da zanen auduga a baya, shi ne na ƙarshe kafin naira. Ya ce kuskuren da kowa yake yi, har da Kawuna, shi ne duk kuɗin da ya ga fari sai ya ɗauka azurfa ne. Wannan na ukun ko ɗigon azurfa babu a cikinsa, kuma duk 'yan'uwansa haka suke tun daga inda aka yi su. In ya shiga wuta ba ya narkewa da wuri, harshen wutar yakan yi kore, kuma yana ɓata aiki. Nan na sami damar nuna nawa ilimin, na ce na karanta cewa kashi uku na jikinsa jan ƙarfe ne, kashi ɗaya wani farin ƙarfe da ake kira nikel. Ya gyaɗa kai ya ce shi bai san sunan ba, amma wuta ta daɗe da gaya masa akwai ja a ciki.

Sai na fito da maganaɗisuna da alfahari. Na ɗora a kan na azurfa, bai kama ba. Na ɗora a kan na tagulla da na kakana, bai kama ba. Tsohon ya buɗe wani ƙullin tsumma ya fito da sule na jabu na gaske, wanda ya gada wajen mahaifinsa yake nuna wa masu koyo, na ɗora, shi ma bai kama ba. Abin da maganaɗisun ya kwaso kawai shi ne ƙusoshi biyu da naira ɗaya ta ƙarfe da ta daɗe a ƙasan jakata. Abokina ya ce to likita, tiyata ta ƙare. Na mayar da abina jaka.

Shi kuwa tsohon da kunne ya fara. Ya saki na azurfa a kan uwar maƙera, ƙarfen da yake duka a kai, ya yi wata ƙara siririya mai tsawo. Ya saki farin taro lafiyayye, ƙararsa ta fi kaifi kuma ta fi gajarta. Ya saki na kakana, ni dai ban ji bambanci da wanda ya gabace shi ba. Ya saki jabun, ya faɗi tim kamar an yar da ɗanyen goro. Ya ce dalma ce, ba ta da murya. Ya goga jabun a jikin takarda ya bar baƙin layi, ya goga namu bai bar komai ba. Sannan ya ɗauko ma'auninsa mai faranti biyu, ya sa namu a ɗaya, lafiyayyen a ɗaya, suka tsaya daidai. Na gwada a sikelin aro, shi ma abin da ya nuna ke nan, bambancin bai taka kara ya karya ba. A nan dai kayana suka fara fitar da ni kunya.

Ya ce saura abu ɗaya, kuma idonsa ba zai iya ba. Na miƙa masa madubin gyaran waya. Ya fara da jabun, ya ce in matso in gani. A gefensa akwai wani siririn layi da ya zagaye shi, inda bakin mazubi biyu suka haɗu, fuskar kuma cike take da ƙananan ramuka kamar fuskar waina, haruffan duk sun dakushe. Ya ce wannan shi ne zubi. Mai jabu yakan danna kuɗi mai kyau a yumɓu ya fitar da siffarsa, ya narka dalma ya zuba. Sannan ya ɗauki taron kakana ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana dubawa, ya juya gaba, ya juya baya, ya bi gefen da farce.

"Wannan bugu ne," in ji shi. "Ba zubi ba ne."

Ya yi mana bayani a natse. A gidan buga kuɗi, ana fara yanka ƙarfen ne fili ba zane, sannan a sa shi tsakanin hatimi biyu, inji ya danne da ƙarfin da ba hannun da zai iya. Wannan bai gama zama daidai ba injin ya sauko masa. Shi ya sa gaba da baya suka zame ta wuri ɗaya, haruffan da suka samu shiga suka fito da kaifinsu, inda hatimi bai taɓa ba ya zauna sumul. Ya ce a wancan zamanin ba wani maƙeri a ƙasar nan da yake da abin yin irin wannan bugu. Kuma ya ce in yi tunani da kaina, mai jabu so yake kuɗinsa ya wuce ba a kalle shi sau biyu ba, don me zai sha wahalar hura wuta ya zuba karkatacce? Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Amsa ce mai sauƙi, kuma duk mutanen da suka cika kasuwar nan ranar ba wanda ya tsaya ya yi wannan tambaya.

Na roƙe shi ya maimaita in ɗauka a waya. Ya tambayi wa zan kai wa, sai na ba shi labarin tun daga mai gishiri har Gidan Jabu. Ya daina juya fankar, wutar ta lafa. Ya gyara zama, ya gyara hularsa, kamar Innar tana gabansa. Ya yi sallama, ya ce, "Hajiya, ni maƙeri ne ɗan maƙeri, na tsufa a kan wannan aiki. Na duba kuɗin mahaifinki da kunne da ma'auni da ido. Kuɗi ne na gaskiya. Waɗanda suka buga shi ne suka yi kuskure, ba shi ba. An zalunce shi. Allah ya jiƙansa, ya sa haƙurin da ya yi ya zame masa haske." Ya damƙa mini taron, na yi ƙoƙarin ba shi wani abu ya ƙi, sai goro kawai ya karɓa. A hanyar fita abokina ya raɗa mini cewa to yanzu nawa Turawan za su saya. Sai a lokacin na tuna da wannan kwaɗayin nawa, na nema a raina na tarar babu shi. Ni da kaina na ce ya tsaya, na saya masa masara biyu.

A Tudun Kaya muka kwana. Da safe bayan an karya, na kunna wa Kawu muryar a ƙofar gida, dattawa huɗu ko biyar na unguwa suna zaune. Na zaci za a yi ta salati. Ɗaya ne kawai a cikinsu ya taɓa jin asalin labarin, shi ma a bakin mahaifiyarsa. Sauran duk sun ɗauka Jabu sunan wani kakanmu ne. Na kawo shawarar a daina kiran gidan haka, Kawu ya ce ɗana, ko mai kawo taki da wannan sunan yake gane gidan, in ka canza sai baƙina su ɓata. Aka yi dariya, ni ban yi ba. Amma da mutane suka watse, Kawu ya karɓi taron ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa. Ya ce shi bai san Yaya tana ɗauke da abin nan a ranta har yau ba, da bai kai shi wuta ba. Ya mayar mini da taron, ya sa aka ɗora mana buhun gyaɗa da rake a but ɗin mota, ya ce in gaya mata yana nan zuwa da kansa bayan an gama girbi.

A hanyar dawowa abokina yana ta surutu, ni ina ta juya abin a raina. Na tafi ina ganin na'ura ce za ta ba ni amsa, na tarar amsar tana wajen tsohon da ko waya ba ya riƙewa. Na koyi cewa fari daban azurfa daban, kuma abu yakan karkace ba tare da ya zama na ƙarya ba. Rashin azurfar da na ji tsoro, shi ne ma ya hana taron shiga wuta. Na kuma gane cewa sunan da aka laƙaba wa gida ba ya fita don an gano gaskiya, waɗanda ya kamata su ji kunya duk sun riga mu gidan gaskiya. Mutum ɗaya ce ta rage da wannan magana ta dama, ita ce kuma na yi shekaru ina jin labarinta da rabin kunne.

La'asar sakaliya muka shigo Kano. Ban biya shago ba, ban biya gidana ba, wajen Inna na wuce. Na tarar da ita a kan darduma. Bayan gaisuwa ba ta tambaye ni komai ba, hannu kawai ta miƙo. Na sa mata taron. Ta bi shi da babban yatsa har ta kai wurin nan mai sumul, ta tsaya a nan. Ta ce shi ne. Na kunna mata muryar maƙerin, ta saurara kanta a sunkuye, da ya ƙare ta ce in sake. Na sake. Na zauna ina jiran kuka ko guɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Na ce mata, Inna, yanzu kin tabbata ke nan.

Ta ce, "Ai ni ban taɓa shakka ba. Ina riƙe da hannunsa ranar, na ji yadda yake rawa. So nake kafin in mutu in ji wani wanda ba ɗan gidanmu ba ya faɗa."

Ta miƙo mini taron ta ce tunda idonta ba ya gani, in jefa mata shi a ƙasa ta ji irin muryar da tsohon ya ji. Na ɗage gefen ledar ɗakin na sake shi a kan siminti. Ya yi ƙara, ya yi ta juyawa, muna saurare ni da ita har ya kwanta. Sannan ta laluba ta ɗauka ta ƙulle shi a bakin mayafinta.